Ranar da Taubashina Ya Ɗauke Mini Ɓeraye

Har yau idan wani ya ce mini "ai wasa ne", sai raina ya ɓaci. Da zan ga wanda ya fara kafa dokar cewa ba a fushi da taubashi, da na zaunar da shi na ba shi labarin nan tun daga farko, sannan in ji abin da zai ce.

Sunana Jannatu, 'yar Malam Usaini ta Gumel. Ina karatun digiri na uku a fannin halittu, kuma aikina a kan ɓeraye yake. Ku yi dariyar ku gama, kowa ma sai da ya yi. Dangina sun yi, ƙawayena sun yi, har mai shagon da nake sayen katin waya a wurinsa Daktar Ɓera yake ce mini.

Ga abin da nake yi da su. Kusan duk aikin da jiki yake yi, furotin ne ke yi masa. Shi kuwa furotin, lokacin da jiki ya ƙera shi dogon zare ne kawai, ba ya tsinana komai sai ya naɗe ya ɗauki siffarsa. Kamar rawani ne, dogon ƙyalle ne har sai an naɗa shi. Zafi yana warware wannan naɗin. Shi ya sa jiki yake da wasu furotin na daban waɗanda aikinsu ke nan, su riƙe wanda ya fara warwarewa, su taimaka masa ya koma daidai kafin ya cuɗe da 'yan uwansa ya lalace. 'Yan rakiya muke ce musu a ɗakin bincikenmu. Akwai wata ƙwayar gado da ke ba da umarnin ƙera ɗaya daga cikinsu, kuma ɓerayena an haife su babu ita. Idan ka gan su a ɗaki mai sanyi, lafiyarsu ƙalau, suna ci suna tsalle. Amma zafin da ɓeran rumbu zai yi barcinsa a ciki, su kashe su zai yi.

Abin da nake son sani shi ne me ke faruwa da ƙoda idan zafi ya yi yawa kuma babu mai riƙe mata furotin. Na tashi ina ganin manoman ƙasarmu suna wuni a rana, wasu su ƙare a gadon asibiti da kumburarrun ƙafafu. Ban ce na gano dalili ba. Tambaya ce nake da ita, kuma ɓerayen nan su ne hanyar da zan yi ta.

Daga wata ƙasa mai nisa aka aiko wa malamina kakanninsu kyauta, bayan shekaru yana roƙo, kuma an gaya masa ba za a sake ba. Sai ga yajin aiki. Aka rufe jami'a, aka daina kunna janareta, ɗakin dabbobi ya yi zafi, suka yi ta mutuwa. Huɗu na tsira da su, namiji ɗaya da mata uku, ƙanana baƙaƙe wul. Malamina ya ce in tafi da su gida tunda Baba yana da sola, ya ce, "Jannatu, ko guda ɗaya ya rayu, za mu haɗa shi da lafiyayyu mu dawo da zuriyar. Idan suka ƙare, aikinki ya ƙare, nawa ma haka."

Na kawo su Gumel ana tsakiyar bazara. Baba ya bar mini ɗakinsa, wanda shi kaɗai ne mai na'urar sanyi a gidan, ya koma zaure da tabarmarsa. Akwatunan roba biyu na ajiye, babba na lafiyayyun ɓeraye, ƙarami na huɗun nan. Babu wanda ban yi wa bayani ba a gidan. Na ce kada a kashe na'urar, kada a buɗe taga, kada a taɓa ƙaramin akwati. Kowa ya ce to.

Wata ranar Alhamis da safe na fita wurin kafintoci neman dusar katako da zan shimfiɗa musu. Baba ya tafi ta'aziyya Gagarawa. Da na dawo na shiga ɗaki, babban akwati yana nan, ƙaramin babu.

Na fito tsakar gida ina kiran Umma, mahaifiyata. Tana tankaɗe, kuma tun kafin in yi magana na ga tana danne dariya.

"Umma, ina akwatin?"

"Mutumin naki ne ya zo."

"Wane mutumin nawa?"

"Ɗantsoho mana. Ya ce tun da kika dawo ba ki je kin gaida Gwaggonki ba, kina nan kina renon ɓera. Ya ce idan kina son 'ya'yanki, ki je Sule Tankarkar ki karɓo su a hannunta."

Ɗantsoho ɗan Gwaggo Kande ne, ƙanwar Baba. Taubashina ke nan. Fataucin awaki yake yi, kuma tun muna yara ba shi da aiki sai ɗauke mini kaya. Ya taɓa ɓoye mini takalmi ranar Sallah, ya taɓa tafiya da jakar makarantata har sai da na bi shi ina kuka, manya suna tafa masa. Ya girma, ya yi gemu, ya yi 'ya'ya, hankalin dai yana inda ya bar shi.

Na ce, "Umma, kina kallo ya fita da su? Ban gaya miki zafi kashe su yake yi ba?"

"To ni in shiga tsakanin taubasai? Ke ma kin san ba a yi. Kuma ai na ce masa ya kula da su."

"A kan me ya ɗora su?"

"A bayan babur, ya ɗaure da kyau."

Nan take na kira wayarsa. Ya ɗauka da fara'arsa.

"Baiwata! 'Ya'yanki suna gaishe ki."

"Ɗantsoho, don girman Allah ka saurare ni. Duk inda kake ka tsaya, ka kai su wuri mai sanyi. Ba irin ɓeran da ka sani ba ne, zafi zai kashe su."

"Zafi ya kashe ɓera? A ƙasar Gumel?" Ya tuntsire da dariya har da tari. "Wannan dabarar ba za ta ci ba, 'yar boko. Ki zo ki durƙusa wa uwata tukuna."

Ya kashe wayar. Na sake kira, a rufe. Ya rufe ta ne don wasan ya yi armashi, na san halinsa.

Umma ta ce, "Ke dai kin cika ɗaukar abu da zafi. Tafi ki gaida ta, dama ya kamata."

Na zari hijabi na fita.

Motar Sule Tankarkar ba ta tashi sai ta cika, direba kuma ya miƙe ƙafa a inuwa yana sakace. Na ɗauki shatar ɗan acaɓa. Rana ta riga ta ɗaga, iskar da ke dukan fuskata ma mai zafi ce. Duk tsawon hanya tunani ɗaya nake yi, ɗakin Gwaggo na ƙasa ne, yana da sanyi, akwai randa a ciki. Idan ya kai su can kai tsaye, wataƙila su kai labari.

Gwaggo Kande tana ganina ta rangaɗa guɗa. "Lale, lale da 'yar birni! Ashe sai an sace miki ɓera kike tunawa da ni?"

Na durƙusa. Ina son Gwaggo, Allah ya sani, amma ranar nan gaisuwarta ta zame mini azaba. Ta tambayi Baba, ta tambayi Umma, ta tambayi ciwon gwiwar Umma, ta tambayi yajin aiki, ta tambayi ko har yanzu babu wanda ya fito. Ina amsawa idona yana zagaya ɗakin, ƙarƙashin gado, bayan randa, saman kabad. Babu akwati.

"Gwaggo, ina Ɗantsoho ya ajiye su?"

"Sha fura tukuna."

"Gwaggo, don Allah."

"Ba a tambayar kaya da ƙishirwa. Sha."

Na kafa kai na sha don a wuce wurin. Sannan ta ce, "Ai bai iso ba. Yau Alhamis, kin manta? Kasuwar Maigatari ya wuce da su, yana da awaki a can. Da la'asar zai kawo su. Ki zauna ki huta, na ɗora miki dambu."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji tana kirana tana cewa wace irin yarinya ce wannan, ban waiwaya ba. Ɗan acaɓan da ya kawo ni bai yi nisa ba, na ce masa Maigatari, ta hanyar da ta fi kusa. Ya bi da ni ta cikin gonaki, yashi yana kama tayar, muna sauka muna turawa. Babu ko ganye a gonakin, sai kututturan karan bara. Ina tafe ina tsine wa wasan taubasai tun daga tushensa. Wane irin wasa ne wannan da mutum ɗaya ke dariya, ɗayan kuma an hana shi ko ɓata fuska?

Wanda ya san kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba a neman mutum a cikinta da gaggawa. Shanu, raƙuma, manyan motoci, mutanen Damagaram da na kudu, kowa yana ihu a kan kowa. Na kutsa ina tambayar 'yan awaki. Rana tana tsakiyar ka. Wani ya nuna mini wata rumfar kwano, ya ce nan su Ɗantsoho suke zama.

Na hango shi yana riƙe da kunnen wani bunsuru yana ciniki. Da ya gan ni ya saki bunsurun ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a, ga baiwar tawa! Har nan ta biyo ni!"

"Ina suke?"

"Kin je kin gaida ta?"

"Ɗantsoho, ina suke?"

Ya ga fuskata, dariyar ta ɗan ragu. Ya ce, "Haba, kwantar da hankalinki, ni ma ai ina da imani. Na sa su a inuwa, na zuba musu gero, har rufe su na yi don kada rana ta taɓa su."

Ya kai ni bayan rumfar. Akwatin yana ƙasa a jikin kwanon da rana ke duka ta ɗaya gefen, an lulluɓe shi da buhunan leda biyu, an danne da dutse don kada iska ta yaye. Duk ramukan shan iska a toshe. Na ture dutsen, na ɗaga murfin, wani huci ya bugi fuskata.

Suna kwance a miƙe a kan geron da ya zuba musu. Gashinsu ya jiƙe, bakunansu a buɗe. Namijin ya mutu da ƙafafunsa na gaba a jikin ramin iska.

Ɗantsoho ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Barci suke yi ne?"

Na juyo na wanke shi da mari.

Ban taɓa marin kowa ba a rayuwata, amma wannan ya fita da kyau, har hularsa ta faɗi. Na ce masa jahili, na ce masa mugu, na ce masa shekarun da na yi ina wahala ya kashe a wuni ɗaya don ya ba 'yan awaki dariya. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan maimaita ba. Shi kuwa yana tsaye dafe da kunci. Abokan sana'arsa ne suka taso.

"Mace ta mari namiji a tsakiyar kasuwa?"

"A kan ɓera!"

"Kuma wai taubashinta ne. Ina aka taɓa yin haka?"

Na sunkuya zan ɗauki akwatin, sai na ga cikin ɗaya daga matan yana motsi. Sama-sama, da sauri, amma yana motsi. Ita ce ƙaramarsu, mai tsaga a kunnen hagu. Na ɗauke ta na sa a tafin hannuna, jikinta zafi rau. Guda ɗaya ta isa, haka malamina ya ce. Abin da take buƙata kawai a sauke mata zafin jiki yanzu-yanzu. Da zan shigo na wuce wani shagon masu sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa, da janareta da fanka. Idan na kai ta can, akwai fata.

Na miƙe zan wuce, na tarar an yi mini zobe. Wani dattijo mai farin gemu ya tsaya a gabana da sandarsa. Alhaji Ɗalha ne, shugaban dillalan rumfar, kuma abokin Baba tun suna samari.

"Ke 'yar wajen Usaini ce ko?"

"Ni ce, Baba. Don Allah a ba ni hanya, zan dawo."

"Babu inda za ki, 'yata. Ba za a ce a gabana 'ya'yan wa da ƙanwa suka yi haka, na bar su suka rabu da fushi ba. Me zan gaya wa ubanki? A kawo benci."

"Baba, wannan tana da rai. In kai ta wurin sanyi in dawo, wallahi zan dawo, a yi mini duk hukuncin da za a yi."

Ya dubi hannuna, ya kawar da kai kamar na nuna masa ƙazanta. "Zumunci ake magana, kina maganar ɓera. Zauna."

Na gwada ratsawa ta gefe, wasu mata masu sayar da nono suka riƙe mini hijabi. "Yi haƙuri, Hajiya, babba ya yi magana. Zauna a kashe wutar." Da tausayi suke faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Babu mugu ko ɗaya a wurin. Kowa alheri yake yi, kuma alherin nasu ya danne ni a kan benci.

Na ce a ba ni ruwa. Alhaji Ɗalha ya ce, "Yauwa, ku ba ta ta sha, zuciya ta sauka." Aka miƙo mini ruwan leda, shi ma ya ɗumama. Na fasa na jiƙa gefen hijabina, na kwantar da ita a kai, ina shafa mata a kunnuwa da jela, ina hura mata iska da bakina. Wani ya ce, "La ilaha illallahu, ɓeran take wa wanka." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Alhaji ya gyara murya ya fara. Ya fara daga kakanmu, yadda ya riƙe Baba da Gwaggo Kande bayan rasuwar uwarsu. Ya bi ta kan auren Gwaggo, da shekarar da Baba ya yi jinya Ɗantsoho ya yi ta jigilarsa a babur. Ya ce wasan taubasai ba banza magabata suka bar mana shi ba, shi ke hana 'ya'yan dangi zama baƙi ga juna. Ya ce boko abu ne mai kyau, amma bokon da zai sa mutum ya fifita dabba a kan jininsa, a sake duba shi. Mutane suna ta gyaɗa kai suna cewa gaskiya ne.

Ni ina kallon cikinta. Numfashin ya daina sauri, ya koma ɗaya-ɗaya, da tazara. Na san abin da ke faruwa a cikin jikin nan filla-filla, shi na yi shekaru ina karantawa. Komai yana warwarewa, a ƙoda, a hanta, a ƙwaƙwalwa, kuma babu mai riƙewa.

Na ce, "Baba, na yarda, ni ce da laifi. Ɗantsoho ka yafe mini. Shi ke nan? In tafi?"

"A'a, ba haka ake yi ba. Wannan ba daga zuci ta fito ba. Bari shi ma ya yi magana."

Ɗantsoho ya matso ya tsuguna a gabana. Shatin yatsuna yana kuncinsa, idonsa ya yi ja. Babu wasa a muryarsa, ban taɓa jin sa haka ba.

"Jannatu, wallahi ban san haka abin yake ba. Na ɗauka irin zolayarmu ce kike yi a waya. Marin na yafe, ko goma kika yi na cancanta. Kuma ba zan bar ki da asara ba. Rumbun Innata cike yake da su. Gobe war haka zan kawo miki goma, manya-manya, masu ƙwari, waɗanda rana ba ta yi musu komai."

Rumfar ta ɗauki kabbara. Wata daga cikin matan ta ce, "Kin gani? Huɗu ya ɗauka, goma zai biya. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Alhaji Ɗalha ya yi murmushi ya buga sandarsa a ƙasa. "Alhamdulillahi. To 'yata, an yafe?"

Na duba hannuna. Cikin ya daina motsi. Na jira, na taɓa ƙirjinta da ɗan yatsa, na sake jira. Babu komai.

"Jannatu, ana jiran ki. An yafe?"

Na ce, "An yafe."

Aka shafa fatiha. Zoben ya buɗe, kowa ya koma kan awakinsa, matan suka ɗauki ƙoransu. Alhaji ya nuna mini hanya da sandarsa, fuskarsa cike da jin daɗin aikin da ya yi.

"Yauwa, 'yar albarka. Yanzu sai ki yi sauri ki kai ta wurin sanyin."